Wa ya taɓa lura da kukan hankaka a nan Legas?

Mai Shayi, Obalende:
Salamu alaikum jama'a. A 2024 masana a Jami'ar Tubingen ta Jamus sun koya wa hankaki uku ƙirga kukansu. Za a nuna wa hankaka lamba daga 1 zuwa 4, ya yi kuka daidai adadin, sannan ya caki maɓalli, wato ya gama. Ni kuwa akwai biyu da ke sauka kan falwaya gaban teburina bayan Asuba. Ina jefa guntun burodi, ɗaya zai yi kuka gajere, sai ga ɗan'uwansa. Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Mahauci, Oko-Oba:
Mu da ke mayanka ai maƙwabtanmu ne. Kukan da suke yi in an zubar da tumbi daban, na ganin shirwa daban. Wani yaron shagonmu ya taɓa harbin ɗaya da danƙo. Wallahi aka yi wata biyu, da ya shigo sai su taru a kansa suna ihu, ko ya sauya riga. Mu kuma ko kallo ba mu ishe su ba. Sai da ya koma shigowa ta ƙofar baya.

Ɗaliba, Idi-Araba:
Baba Mahauci, an gwada wannan a Jami'ar Washington da ke Amurka. John Marzluff da abokan aikinsa sun sa fuskar roba suka kama hankaki, shekaru bayan nan duk wanda ya sa fuskar sai sun bi shi da ihu. A na Jamus ɗin, abin da ya fi ɗaure min kai shi ne daga sautin kukan farko ana iya hasashen nawa zai yi. Ke nan ya riga ya shirya tun kafin ya buɗe baki.

Hajiya Mai Tuwo, Agege:
Ke 'yar nan, ni lissafinsu ɗaya na sani. Na shanya nama a tire, na shiga ɗauko gishiri, na fito babu yanka huɗu. Ko kuka ɗaya bai yi ba ranar! Ba banza aka ce hankaka mai da ɗan wani naka ba.

Mai Shayi, Obalende:
Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. Huɗu dai, iyakar ƙirgen na Jamus ke nan. Gobe zan jefa burodi uku in kasa kunne.