Hoton Resolve ya ƙi fita a talabijin ta akwatin UltraStudio

Mai tace bidiyon biki, Kano:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manyanmu a wannan sana'a. Na sayi akwatin UltraStudio Monitor 3G domin in riƙa duba launi a talabijin maimakon allon kwamfuta. Na jona shi ta Thunderbolt 3, na ja wayar HDMI zuwa talabijin, na sauke manhajar Desktop Video, kuma kwamfutar ta gane shi. Amma duk lokacin da na buɗe aikina a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, allon talabijin baƙi ƙirin yake zama, yana nuna babu sigina. Aikin na bikin kamu ne da aka ɗauka a 4K, firem 25 a daƙiƙa, haɗe da 'yan gutsattsarin da dangin amarya suka ɗauka da waya. Da na gwada wani tsohon aiki hoto ya fito, sai dai baƙi ya koma ruwan toka, murya kuma tana riga leɓe. Ranar Asabar ake jiran aikin.

Tsohon ma'aikacin gidan talabijin:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Akwatinka lafiyarsa ƙalau, ka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ne. Iyakar girman hoton da yake fitarwa 1080 ne, wanda bai kai 4K ba, har zuwa firem 60, don haka idan Resolve ya miƙa masa hoton 4K babu abin da zai isa talabijin. Tsohon aikin naka ya fito ne domin, a zatona, dama a 1080 aka yi shi.

Abin da yake rikita sababbin shiga shi ne Resolve ya raba girman aikin da girman hoton da ake turawa waje. Ka shiga saitin aikin, ka gangara zuwa sashen Video Monitoring, ka zaɓi 1080p 25, ka bar taimlayinka, wato inda kake jera hotunan aikin, a 4K yadda yake, ingancin fayil ɗin da za ka fitar a ƙarshe ba zai ragu ba. Kafin nan ka tabbatar a saitin manhajar, ƙarƙashin Video and Audio I/O, an zaɓi akwatin a matsayin na'urar kallo, sannan ka rufe Resolve ka sake buɗe shi. Idan wata manhajar tace bidiyo irin Premiere tana buɗe a gefe ka rufe ta, domin manhaja biyu ba sa riƙe akwati ɗaya a lokaci guda. Idan duk da haka allon bai amsa ba, ka gwada 1080i 50, wanda talabijin ɗin da ake sayarwa a ƙasashen da suka bi tsarin watsa talabijin na PAL irin Najeriya ba su cika ƙin karɓa ba.

Mai gyaran launi:
Malam ya gama da matsala ta farko, bari in ɗan taɓa ruwan tokar. A lissafin bit 8, bidiyo yana ajiye baƙi a lamba 16, fari a 235, ita kuwa kwamfuta daga 0 take farawa zuwa 255. Idan akwati ya aiko da 16 a matsayin baƙi, talabijin kuma tana jiran 0, to baƙin mayafi zai fito kamar wanda ya sha wanki. Ka bar Data Levels a kan Video, ka shiga saitin talabijin ka daidaita matakin baƙi na wannan ƙofar HDMI ɗin da shi. Kada ka yi gaggawar danne baƙin da hannu a shafin launi, domin na taɓa yin haka, aiki ya yi kyau a ɗakina, da ya isa wayoyin masu shi fuskoki suka nutse cikin duhu.

Muryar kuwa talabijin ce take makara da hoto saboda kwalliyar da take yi masa. Ka kashe sulɓin motsi da ƙarin kaifi, ka tura sautin ta cikin akwatin maimakon lasifikar kwamfuta.

Mai tace bidiyon biki, Kano:
Allah Ya saka da alheri, Malam. Ina mayar da shi 1080p 25 hoto ya bayyana, baƙin ma ya zauna, har zaren aikin wuyan babbar rigar ango ina gani. Saura gutsattsarin waya, waɗanda suke ɗan tsalle idan kyamara ta juya.

Tsohon ma'aikacin gidan talabijin:
Wannan ba daga akwatin ba ne. Yawancin wayoyi a firem 30 suke ɗauka, kuma adadin yakan yi sama da ƙasa a cikin fayil ɗaya, to taimlayin mai 25 dole ya zubar da wasu. Ka fara juya su zuwa tsayayyen adadi da HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, kafin ka shigo da su. Inda babu magana, kamar wajen liƙi, kana iya sa Resolve ya karanta su a 25 ta Clip Attributes. Motsin zai ɗan yi sanyi, tsallen kuma zai tafi.