Lefen ƙanena: a cika akwati ko a sayi mai ƙarko?

Maman Ilham, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ƙanena zai yi aure bayan Babbar Sallah, ni aka ɗora wa haɗa lefe tunda ni ce babbar yayarsa. Malamin firamare ne, abin da ya tara ba shi da yawa. Dangin amarya ba su gindaya komai ba, gwaggonninmu ne suka kafe sai akwati shida, a cika su ko da mene ne.

To ni na san irin wannan ciko. Atamfa roba-roba da ke koɗewa tun wankin farko, leshi mai zubar da duwatsu, sai rigar mama da ɗan kamfai na roba da ake ɗaurewa dozin-dozin a leda. A nawa lefen haka aka yi. Da bazara ta shigo kayan cikin nan ba su sawuwa, zafi da ƙaiƙayi, ƙarshe bola suka tafi. Kowa ya leƙa kwatar unguwarmu bayan ruwan farko zai ga tsummoki da leda ne suka toshe ta. Na fi son akwati uku na kayan da yarinya za ta shekara tana sawa. Yaya zan gane na auduga na gaske, musamman kayan ciki? Kuma akwai sauran atamfar gida da ake samu?

Anti Tela, Samaru:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, don mu ne ake kawo wa yadin banza a ce mu yi abin al'ajabi da shi. Gwaji mai sauƙi: zare zare ɗaya daga bakin yadin ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba kuwa narkewa take, ta dunƙule ta yi tauri, ga warin leda. Daga man fetur ake yin zarenta, shi ya sa ba ta shan gumi, ba ta kuma ruɓewa idan an yar.

Kayan ciki ki duba 'yar takardar da ke jiki, a ga an rubuta auduga ce mafi yawa. Ɗan roba kaɗan a ƙugu don ya kama jiki ba laifi. Shimi da siket na ciki kuwa kada ki saya, ki yanko farin yadin auduga a ɗinka mata. Rigar mama kuma don Allah a aika a tambayi lambarta a asirce. Yawancin waɗanda ake zubarwa ba lalacewa suka yi ba, ba su yi wa amaryar daidai ba ne tun farko. Huɗu masu kyau sun fi dozin biyu na hasashe.

Ki kuma ce wa telarta ta bar sarari a ɗinki, saboda jikin mace yana sauyawa bayan haihuwa. Rigar da aka bar wa wuri buɗa ta kawai za a yi.

Baba Mai Ritaya, Kofar Doka:
'Yata, Allah ya sanya alheri. Tambayarki ta biyu ce ta sa na yi magana, domin a masaƙa na yi ƙuruciyata, a unguwar Kakuri da ke Kaduna. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, tun 1957 aka buɗe ta, zamanin Sardauna, ta rufe a 2002. Masaƙar UNTL, wato United Nigerian Textiles, ita ma a Kaduna, ta tsaya a 2007, daga baya aka sake buɗewa amma ba kamar da ba. Rashin wuta, tsadar baƙin mai da yadin fasa-ƙwauri daga Sin su suka kashe mu. Abin takaici, ga cibiyar binciken aikin gona nan Samaru da ta fitar da irin auduga na Samcot, ga manoma har Funtuwa, amma zanin da ke jikin 'ya'yanmu daga wata duniya yake zuwa. Kuma arahar tasa wani ne ke biya: a 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladash, masu ɗinkin kayan sawa sama da 1,100 suka mutu.

Atamfar gida ta yi ƙaranci, idan an ce miki ta Najeriya ce ki karanta rubutun bakin zanin da kanki. Amma aikin hannu bai mutu ba. Ki shiga cikin birnin Zariya, matan aure na nan a ɗakunansu suna ɗinkin hannu, maza na yin aska takwas da aska biyu a manyan riguna. Ki sayi farar shadda mai kyau a yi wa amarya aiki a wuya. Kuɗin gidan wata baiwar Allah za su shiga. Sai dai kada ki matse ta a ciniki, aikin yana cin ido.

Hajiya Mai Dila, Sabon Gari:
Ni gwanjo nake sayarwa, kuma ba na jin kunya. Rigar sanyi da kayan yara na dila ta farko sun fi sababbin roba ƙarko nesa ba kusa ba. Amma gaskiya ɗaya ce: kayan ciki na gwanjo ko ni ba na sawa, balle a lefe. Baba kuma ka yi haƙuri, talaka ba don son roba yake saye ba, abin da aljihunsa ya kai ne. Maman Ilham, babbar ɓarnar ba a lefe take ba, a anko take. Kala uku a biki ɗaya, a sa sau ɗaya a jefa ƙasan akwati. Ki fara da rage wannan.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anko kala ɗaya za mu yi, wannan a hannuna yake. Gwaggo Babba ce matsalar, ta ce ranar kai lefe akwati ake ƙirgawa ba ƙarko ba. Anti Tela, yadi nawa zai isa shimi huɗu?