SQL na sandarewa duk lokacin da ake kwafar VM, in kashe VSS ne?

Abu_Saba: Assalamu alaikum. SQL Server ɗinmu, wato manhajar rumbun bayanai, na kan VM (kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin saba) a VMware, ana kwafar VM ɗin zuwa wata saba duk bayan awa ɗaya. Da kwafin ya zo ƙarewa sai manhajar ma'aikata ta tsaya cik, ta ce lokaci ya ƙure. A log ina ganin an daskarar da I/O (karatu da rubutu a diski) an sake shi, wani sa'in har da kuskure 833. Oga ya ce in zaɓa kafin ƙarshen mako: ko in kashe VSS (tsarin Windows da ke ɗan dakatar da rubutu don kwafi ya fita daidai) a kwafin, ko mu koma Always On (tsarin SQL Server da ke riƙe kwafin rumbu a saba ta biyu). Diskin SSD ne, RAM ma bai cika ba.

Dan_Waya: Wa alaikumus salam. Sa SSD ka ƙara RAM, magana ta ƙare.

Abu_Saba: Malam, karanta layin ƙarshe mana.

Maman_Kod: Ɗan'uwa, kar ka yi saurin zargin VSS, daskarewarsa ta 'yan daƙiƙu ce. Tunda a ƙarshen kwafi abin ke zuwa, goge sinafshot nake zargi, wato hoton yanayin diski da ake ɗauka a farkon kwafi. Duk abin da aka rubuta lokacin kwafi yana taruwa ne a wani fayil daban, in za a haɗe shi da diskin asali sai an tsayar da VM ɗin. Buɗe vmware.log ka nemi "vm stopped for", za ka ga tsawon tsayuwar. In ta kai daƙiƙa 30, manhajoji da yawa nan haƙurinsu ke ƙarewa. Shi kuwa 833 cewa yake diski ya wuce daƙiƙa 15 bai amsa ba.

Tsohon_Injiniya: Sinafshot! Kun taɓo mini miki. Wani ɗan kwangila ya ɗauki ɗaya a sabarmu ya tafi abinsa, bai faɗa wa kowa ba. Ya yi ta kumbura wata da watanni har ma'ajiya ta cika cikin dare, VM ya tsaya. Na danna gogewa, ya kai kashi 99 ya maƙale, na zauna ina kallonsa har gari ya waye, waya sai ruri take. Na ce a tada kwafin, ashe ya daɗe da daina tafiya, saƙon gargaɗin yana shiga imel ɗin wanda ya bar aiki. Wa aka ba takardar tuhuma? Ni. Shi kuwa an sabunta masa kwangila.

Maman_Kod: Allah ya kyauta, Baba. Shi ya sa VMware ke cewa kar sinafshot ya wuce awa 72.

Kb_Hyper: Mu mun ba tempdb (rumbun wucin gadi na SQL) diskinsa daban, muka cire shi daga kwafi, muka hana gyaran indes (jerin da ke saurin nemo bayanai) haɗuwa da lokacin kwafi. Yanzu duk minti 5 muke yi lafiya lau.

Dan_Waya: Kai da ke kan Hyper-V na Microsoft, me ya kawo ka maganar VMware?

Kb_Hyper: Gara ni, na karanta tambayar.

Sani_DBA: Always On sai da lasisin Enterprise, ogan naka zai suma in ya ga kuɗin.

Maman_Kod: A'a Malam Sani. Tun 2016 Standard ma na da ƙaraminsa, sai dai rumbu ɗaya a kowane rukuni, kuma ba a karatu daga saba ta biyun. Amma in VM na daɗewa a tsaye, kulosta (haɗin sabobin da ke sa ido kan juna) na iya ɗauka ya mutu ya juya aiki zuwa saba ta biyun.

Sani_DBA: To rumbu nawa gare shi? Bai faɗa ba.

Abu_Saba: Shida ne. To VSS ɗin fa, in kashe?

Tsohon_Injiniya: Kashe ko bari, ka taɓa tada kwafin ka ga yana buɗewa? Ni sau nawa na roƙi a ba ni dare ɗaya in gwada, aka ce aiki ba ya tsayawa.

Kb_Hyper: Wallahi haka namu. Awa biyu na nema in sa faci (gyaran manhaja), aka ce in rubuto takarda. Tana kan teburin oga har yau.

Dan_Waya: Ku har takarda ake karɓa a wajenku?