Neman kalmar Hausa: yaya za mu kira "home run"?

Mai fassara:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina mayar da wani labarin wasanni zuwa Hausa, kuma tun shekaranjiya kalma ɗaya ta hana ni gaba, ita ce home run ta wasan besbol. Labarin na magoya bayan ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles ne, waɗanda har yau ba su gaji da tuna bugun da Kirk Gibson ya yi ranar 15 ga Oktoba 1988 ba, a wasan farko na gasar ƙarshe da ake kira World Series, inda ƙungiyar da ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai take ɗaukar kofi. Ga wanda bai san wasan ba, mai jifa yana jefo ƙwallo, mai bugu ya tare ta da gora, sannan ya yi ƙoƙarin bi ta zango uku ya dawo inda ya tashi, wurin da suke kira gida, kafin 'yan ɗaya ɓangaren su kamo ƙwallon su datse shi. Tsakanin kowane zango da na gabansa ƙafa 90 ne, kuma ba a samun maki sai an kammala ƙafa 360 ɗin. Idan kuwa ya bugi ƙwallon ta tsallake katangar ƙarshen fili, to babu mai ikon tare shi, shi da duk abokansa da ke tsaye a zanguna za su wuce gida, kowanne da makinsa. Wannan bugun nake nema wa suna. Na fara rubuta "gudun gida", amma da na karanta a bayyane sai na ji kamar labarin yaron da ya tsere daga hannun iyayensa.

Mazaunin Amurka:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin malamai su yanke hukunci, a ba ni dama in faɗi yadda abin ya faru, domin ina ganin labarin da kansa zai kore kalmar gudu. Wani dattijo da muke aiki tare a nan ya nuna mini hoton bidiyon fiye da sau goma, kuma kowane lokaci sai ya dakatar da shi a wuri guda ya ce in duba bayan katanga, inda ake hango jajayen fitilun birki na motocin 'yan kallon da suka fid da rai suka kama hanyar gida tun ba a tashi ba.

Ba laifinsu ba ne. Abokiyar karawar Dodgers, ƙungiyar Athletics ta Oakland, ta ci wasa 104 a wannan kakar, kuma kusan kowa ya ba ta kofin tun kafin a fara. A wannan dare ɗan wasanta José Canseco ya yi irin wannan bugun alhali zanguna uku cike suke, ya kwaso maki huɗu a lokaci guda, aka shiga zagaye na tara, wanda shi ne na ƙarshe, Oakland tana gaba da 4 da 3. Mai jifar da suka fito da shi ya rufe wasan kuwa shi ne Dennis Eckersley, wanda ya rufe musu wasa 45 a shekarar. Gibson, wanda shi ne gwarzon rukuninsu na wannan kaka, bai ma fito fili ba, yana ɗakin 'yan wasa da ciwo a ƙafafunsa biyu, jijiyar bayan cinyar hagu ta ja, gwiwar dama ta kumbura. A talabijin ya ji mai sharhi Vin Scully yana cewa ba zai yi wasa ba a daren, sai ya miƙe ya fara gwada bugu, ya aika wa mai horar da su Tommy Lasorda cewa zai iya.

An riga an fitar da mutum biyu, saura ɗaya a tashi. Eckersley ya yi wa Mike Davis na Dodgers jifa huɗu da suka kauce, doka ta ba shi zangon farko kyauta, sannan sai ga Gibson ya fito yana ɗingishi. Bugunsa biyu na farko duk sun faɗa wajen layi, wato saura kuskure ɗaya a gama da shi. Ya sake taɓa wata ta gangara ta gefen zangon farko, ya yunƙura zai bi ta, kowa ya ga cewa mutumin nan ba ya iya gudu, Allah ya so ita ma ta fita layi. A haka ya yi ta jan rai har lissafi ya kai inda jifa ɗaya za ta raba gardama, Davis kuma ya lallaɓa ya kai zango na biyu. Nan Gibson ya ja da baya ya tuna abin da mai leƙen asirin ƙungiyarsu Mel Didier ya gaya musu, cewa idan lissafi ya kai nan Eckersley yakan yi wa bahago wata jifa mai lanƙwasa da ke shigowa daga waje. Ita kuwa ya jefo. Da ƙarfin hannu kawai Gibson ya ɗaga ta, ta tsallake katangar dama, aka tashi 5 da 4. Ya zagaye zangunan yana jan ƙafa yana dunƙule hannu yana ja da baya, kuma bai sake riƙe gora ba har aka gama gasar, wadda Dodgers suka cinye da wasa 4 da 1. Saboda haka duk sunan da zai sa gudu a gaba ya yi wa wannan bugun ƙarya.

Mai sharhin wasanni:
Na yarda da kai, Yaya, a cire gudu. Amma ina roƙon a cire gida ma, domin ƙwallon ƙafa ta riga ta mamaye kalmar a kunnen masu sauraronmu. Muna da mai tsaron gida, muna da satar gida, muna da wasan gida da na waje. Idan na ce "bugun gida" a rediyo, mai sauraro zai ɗauka mai tsaron raga ne ya buga ƙwallo daga gidansa. Ni a ganina mu ari kalmar kawai mu ce homran, kamar yadda muka ari fenariti da kofi, kuma alƙalin wasa bai taɓa kai mu ƙara ba. Ba mu kaɗai ba ne za mu yi haka. Masu Sifaniyanci a Kuba da Jamhuriyar Dominika da Meziko, inda wasan ya zama kamar gadon gida, jonron suke cewa, Japanawa kuma homuran.

Malamin Hausa:
Malama, aro ba abin kunya ba ne, harshenmu cike yake da shi. Sai dai ki lura cewa waɗanda kika ambata ba su tsaya ga aron ba. Masu Sifaniyanci suna da kwadarangular, wato mai kusurwa huɗu, Japanawa suna da honruida a rubutunsu na jarida, kuma tun 1894 wani mai suna Chuman Kanae ya raɗa wa wasan kansa sunan yakyu, wato ƙwallon fili. Bambancinmu da su shi ne, yaron da ke Osaka ko Santo Domingo ya ga abin da idonsa kafin ya ji sunansa, mu kuwa mafi yawan masu karatunmu a rubutu za su fara cin karo da shi. Fenariti ta zauna ne domin kowa ya taɓa ganin an buga ta a filin makarantar firamare, kuma duk da haka sai da muka ƙera "bugun daga kai sai mai tsaron gida", wanda yake zana hoton abin a zuciyar wanda ke riƙe da rediyo a gona. Kalmar da ba ta nuna komai ga wanda bai ga komai ba, aikinta rabi ne.

Mai fassara:
Allah ya gafarta Malam, to idan hoto ake so, me zai hana "bugun tsallake" ko "bugun zagaye"? Na farko yana nuna ƙwallon tana haye katanga, na biyu yana nuna mutumin yana bin zanguna.

Malamin Hausa:
Tsallake ya kusa, amma akwai rami a gabansa. Dokar wasan ba ta ce sai ƙwallo ta haye katanga ba. Yakan faru, ko da yake ba kasafai ba, ƙwallo ta tsaya a cikin fili, masu kamu su yi ta binta, mai bugu ya kammala zangunan kafin a dawo da ita, kuma sunan bugun bai canja ba. Ranar da hakan ta faru za ka rubuta bugun tsallake alhali ba a tsallake komai ba. Zagaye kuma ɗan'uwanmu na Amurka ya riga ya yi amfani da shi a kan kashi tara na wasan, ga shi kuma Bahaushe idan ya ce zai zagaya kowa ya san inda ya nufa.

Shawarata ita ce mu koma dandali. A wasan langa, kowane yaro yana riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar, akwai wanda ake kira ruwa, akwai dokin ruwa da ke kare shi, kuma dukan kokawar da ake yi domin ruwa ya ratsa abokan gaba ne ya isa wurin da aka shata. Idan ya isa sai a ce ya sha. Wannan ita ce ma'anar da muke nema, wato mutum ya kai inda ake samun maki ba tare da an kayar da shi a hanya ba. Don haka ina ba da "bugun sha", bugun da mai shi yake sha da shi kai tsaye, ko ƙwallon ta haye katanga ko ba ta haye ba, ko ya ruga ko ya taka a hankali. Da nake karanta labarin Gibson yana jan ƙafa daga zango zuwa zango, ba abin da ya faɗo mini a rai sai ruwa a kan ƙafa ɗaya.

Mai sharhin wasanni:
Malam, ya yi daɗi a baki, kuma gajere ne, wanda shi ne abin da mai sharhi yake buƙata idan fili ya kaure da ihu. Tsorona ɗaya ne, lissafi. Bugun Gibson ya kawo maki biyu, nasa da na Davis. Idan wani ya ce "sha biyu", mai sauraro zai ji goma sha biyu, na Canseco kuma ya koma goma sha huɗu.

Malamin Hausa:
Wannan gyara ne mai kyau, kuma maganinsa shi ne kada a taɓa jingina adadi ga sha. A ce bugun sha mai maki biyu, bugun sha mai maki huɗu. Sha sunan bugun ne, maki shi ake ƙirgawa.

Mazaunin Amurka:
Ranka ya daɗe, saura rabi ɗaya, domin abin da ya sa ake tuna na Gibson ba tsallake katanga kaɗai ba ne, shi ne ya ƙare wasan nan take. Ƙungiyar da ke gida ita ke bugu a ƙarshe, saboda haka da zarar ta wuce gaba a zagaye na tara ko a ƙarin zagaye, babu sauran abin da za a buga. Suna kiran wannan walk-off, kuma abin mamaki Eckersley ɗin nan ake danganta wa ƙirƙiro kalmar a wannan shekara ta 1988, yana nufin mai jifar da aka yi wa bugun, wanda ba abin da ya rage masa sai ya sunkuyar da kai ya taka ya bar fili. Japanawa sayonara suke ce masa, wato sai wata rana. Irin waɗannan su ne magoya baya ba sa mantawa. Ranar 13 ga Oktoba 1960 Bill Mazeroski na Pittsburgh ya yi wa ƙungiyar Yankees ta New York shi a wasa na bakwai na World Series aka tashi 10 da 9, duk da cewa a jimlar wasannin bakwai Yankees sun tara maki 55 su kuma 27 kacal. An rushe filin Forbes inda aka yi wasan tuntuni, amma an bar wani ɓangare na katangarsa, kuma duk shekara idan ranar ta zagayo mutane sukan taru a gindinta su saurari sharhin rediyon wasan tun daga farko, su yi sowa idan an zo wurin kamar ba su san yadda za ta kaya ba. Joe Carter na Toronto ya yi irinsa a 1993 ya ɗauko musu kofi. Ranar 25 ga Oktoba 2024 kuma, a filin da Gibson ya yi nasa, a wasan farko na World Series, an fitar da mutum biyu, Dodgers suna baya da maki ɗaya, Freddie Freeman da ke fama da targaɗe a idon sawu ya aika ƙwallo ta katangar dama zanguna cike, aka tashi 6 da 3 a kan Yankees. Dattijon nan da nake faɗa ya ce a daren bai san ko wace shekara yake ciki ba.

Mai sharhin wasanni:
Wannan kam ba sai an yi nisa ba, ka ma faɗe shi da bakinka sau uku. Mu ba ma cewa an bar fili, cewa muke yi an tashi, an tashi biyu da ɗaya, an tashi canjaras. "Bugun sallama" zai bi sawun Japanawa, amma sallama tamu ta shiga ce da fita duka, kuma ta yi laushi ga abin da yake faɗowa kamar aradu. Raba gardama kuma ta fi faɗi, ko a zagaye na biyar aka yi bugun da ya bambanta su za a iya kiransa haka. Ni "bugun tashi" nake gani, idan kuma bugun sha ne ya kawo tashin sai a ce bugun sha na tashi.

Mai fassara:
Na gode Malam, na gode Malama da Yaya. Ga yadda jimlar ta zauna yanzu, a duba mini: "Ranar 15 ga Oktoba 1988, Kirk Gibson, wanda ciwo ya hana shi gudu, ya yi wa Dennis Eckersley bugun sha na tashi mai maki biyu, Dodgers suka doke Oakland da 5 da 4." A farkon ambato zan ƙara jimla ɗaya ta bayani saboda wanda bai taɓa yin langa ba. Abin da Davis ya yi na lallaɓawa zuwa zango na biyu sata suke ce masa, kuma tun da satar gida ta riga ta zama ta ƙwallon ƙafa, na rubuta "satar zango". Idan akwai mai ja a kai, a faɗa kafin in miƙa aikin gobe da safe.

Malamin Hausa:
Satar zango ta yi. A jimlarka kuma ka mayar da "wanda ciwo ya hana shi gudu" ta zama "wanda ko tafiya da ƙyar yake yi", domin mai karatu ya ga ɗingishin kafin ya ji bugun.