Ƙanena ya faɗi Lissafi sau biyu: wace hanya ta dace da shi?

Babban Yaya, daga Ringim:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara game da ƙanena, wanda ɗawainiyarsa ta dawo kaina tun bayan rasuwar mahaifinmu. Ya zauna jarrabawar NECO sau biyu, ya samu kiredit a Turanci, Hausa da Nazarin Addinin Musulunci, amma Lissafi ya ƙi. Yaro ne mai baki da riƙon karatu, shi ne ma yake rubuta wa dattawan unguwarmu wasiƙa, sai dai yanzu jikinsa ya yi sanyi har yana cewa ba shi da rabo a boko. Wane karatu ko wace sana'a zan nuna masa?

Malamar Sakandare, daga Gumel:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri. Ka sanar da shi cewa darussa huɗu ake rubutawa a JAMB, Turanci ne kaɗai wajibi a kan kowa, kuma mai neman karanta Hausa, Larabci ko Nazarin Addinin Musulunci ba a haɗa masa da Lissafi a cikinsu. Jami'ar Bayero tana koyar da waɗannan fannoni, ga kuma Kwalejin Ilimi da ke nan Gumel idan koyarwa yake sha'awa. Mai harshe irin nasa yana iya cin abinci da fassara, aikin rediyo ko koyarwa. Amma ku duba ƙasidar JAMB kafin ku cike takarda, domin sharaɗin sakamakon sakandare ya danganta da makaranta da kuma fannin.

Tela, daga Gujungu:
Yaya, ni ma aji ya taɓa yanke mini hukuncin cewa ba ni da kan lissafi, yau shekarata 19 a kan keken ɗinki. Na yi imani cewa sau da yawa allo yaro yake tsoro, ba ƙidaya ba. Ina da almajiri wanda bai taɓa cin Lissafi a makaranta ba, amma idan ya ɗora tef a kafaɗar mutum, nan take zai faɗa maka yadi nawa babbar riga za ta ci, kuma ba ya kuskure. Ka kai ƙanenka kasuwarmu ranar Lahadi, ka ba shi kuɗin tiya biyar ta gero, ka tsaya gefe ka ga ko za a cuce shi a canji. Idan ya dawo da kuɗinsa daidai, to ɗinki, kafinta da kiwon kaji duk a buɗe suke gare shi.

Dattijo, daga Dambatta:
Ɗana, ina da ɗan gyara a kan maganar Malama. Kada a ce da yaron ya rabu da lissafi har abada domin ya zaɓi karatun addini, tunda duk ranar da aka kawo masa rabon gado sai ya fitar da sumuni (ɗaya bisa takwas) na matar mamaci da sudusi (ɗaya bisa shida) na mahaifiyar mamacin, kuma kuskure a nan cin haƙƙin marayu ne. Shawarata ita ce a samo masa malami mai haƙuri wanda zai koya masa da Hausa, da misalin buhu da mudu, sannan ya sake zama jarrabawar.

Babban Yaya, daga Ringim:
Na gode ƙwarai, Baba, da ku duka. Na karanta masa amsoshinku jiya bayan sallar isha'i, ya ce aikin rediyo ne ya fi kwanta masa a rai, kuma ya amince zai sake gwada Lissafin. Ranar Lahadi za mu je Gujungu tare, in Allah ya yarda.