Ɗalibina ya rubuta zai soki firifet ranar Alhamis, me zan yi?

Malamar SS2: Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Jiya ina duba littattafan insha'i, sai na tarar wani yaro ya rubuta a shafin ƙarshe cewa ranar Alhamis bayan an tashi zai soki wani firifet a bayan masallaci. Har sunansa ya sa. Yaron shiru-shiru ne, ban taɓa jin ya yi faɗa ba, amma an ce firifet ɗin ya sa shi tsallen kwaɗo gaban 'yan mata. Ban ga wuƙa ba. Firinsifal ya yi tafiya sai Litinin. In kira uban yaron ne, ko in kai wa mataimaki?

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Ki gaya wa firinsifal ya kore shi kawai.

Ɗan Fagge: Malama, ki yi ta kanki. Ni da hannuna na zaro wuƙa daga safar wani yaro a makarantar kuɗi da na koyar. Na kai ofis, mai makaranta ya ja ni gefe, wai uban yaron 'ya'ya huɗu yake biya wa. Hutun kwana uku aka ba shi. Sati bai cika ba abokansa suka tare ni a kwanar unguwa da magariba, suka fasa min fitilar babur, na kare fuskata da hannu. Ɗinki bakwai. A caji ofis ni na sayi takarda, ni na zuba mai. Ƙarshen wata aka yanke min kuɗin kwana huɗun da ban zo ba.

Uwar Biyu: Innalillahi. Allah ya isar maka, Malam. An kama su?

Ɗan Fagge: Ɗaya, ya kwana biyu. Yanzu gaishe ni yake yana murmushi.

Malam Lissafi: Ku sayi na'urar bincike irin ta ƙofar masallacin Juma'a. Dubu 12 muka sayi tamu.

Abu Sadik: Wace shekara? PTA ɗinmu dubu 35 suka rubuta.

Malam Lissafi: To a binciki PTA ɗin da ita.

Sarkin Alli: Tamu batir ya mutu tun azumi. Baba maigadi shafa wa yara yake yana cewa "ɗit" da bakinsa.

Hajiya Mai Ritaya: 'Yata, shekara da shekaru na riƙe ofishin ba da shawara. "Zan kashe ka" a filin ƙwallo daban, wanda ya zauna ya rubuta suna da rana da wuri daban. Kada ki jira Litinin. Ɗauki hoton shafin, ki kai wa mataimaki yau, a rubuce. Ku zaunar da yaron ku biyu, ba gaban aji ba, ku tambaye shi kai tsaye, a duba jakarsa. A kira iyayen duka biyun, firifet ɗin kuma wani babba ya riƙa zuwa ɗaukarsa. Kora kaɗai fitar da shi take bayan katanga, inda ba mai ganinsa. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ma ta fitar da manufa kan tsaron makarantu a 2021, ku nema.

Ɗan Fagge: Da girmamawa Hajiya, ku kun yi aiki lokacin da yaro ke sauka daga keke in ya hango malami. Takardar Abuja ba ta raka mutum gida.

Uwar Biyu: Kai ma labari ɗaya gare ka, ita ɗaruruwa ta gani.

Abu Sadik: Ƙwaya ce duk. An hana kodin tun 2018, me ya canja?

Sarkin Alli: Wane ofishin shawara ma? Namu buhunan siminti ne a ciki, mai ofishin an ba shi Turanci aji shida.

Malamar SS2: Jama'a, yau Talata fa. Mataimakin ƙanin baban firifet ɗin ne, shi ya sa na tambaya.

Malam Lissafi: Aji shida ai gata ne, ni tara gare ni. Wai akwai wanda ya ga alat na watan nan?