Yaya ake auna cunkoson filasma a cikin tokamak?

Ɗalibar Fiziks: Assalamu alaikum. Ina karatu kan ITER, wani babban tokamak da ake ginawa a kudancin Faransa, wato na'urar da ke riƙe filasma da ƙarfin maganaɗisu. Filasma kuwa gas ne mai tsananin zafi wanda ilektoron suka rabu da atom ɗinsa. An ce zafin filasmarsa zai kai digiri miliyan 150 na Selsiyos. To wane ma'auni zai shiga can bai narke ba?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam, 'yata. Ai ba a tsoma komai. Igiyar maikurowef ake harbawa, kamar rada. Tana kutsawa har inda cunkoson ilektoron ya hana ta wucewa, sai ta dawo, jinkirin dawowar ya nuna wurin; igiya mai gigahaz (ma'aunin saurin kaɗawar igiya) mafi yawa kuwa sai cunkoso mafi yawa ke maido da ita. Ilektoron 10²⁰ a kowace kubik mita kan maido da igiya mai gigahaz kusan 90.

Bakatsine: Akwai kuma wadda ke ratsawa ta ɓulla ɗaya gefen. Sai dai jimillar cunkoson da ke kan hanyarta kawai take ba ki.

Ɗalibar Fiziks: Na gode, Baba Injiniya. Ashe shi ya sa ake ta sauya gigahaz ɗin!